Na'urar Rabi Ta Samu Birebe

Daga Magariya

Zuwa ga Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Zuwaira da yara. Yaya zaman Abijan, yaya ciwon ƙafar? Mu nan lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu, alhamdu lillahi.

Albishirinka! Na'urar da 'yarka Rabi ta ƙera, mai zuƙe majinar jariri ba da lantarki ba, ta samu birebe, wato shaidar cewa ƙirƙirarta ce, ba mai kwaikwaya sai da izininta.

An sha jira. Tun kafin tafiyarka ta kai dosiye, wato takardun neman birebe, Yamai. Shekara ta zagayo shiru, sannan masu bincike suka maido, wai na'urar ta yi kama da wata ta ƙasar waje. Ranar Rabi ta taso daga ɗakin haihuwar Mallawa inda take aiki, ta zauna ƙofar ɗakina tana hawaye, ta ce, "Gwaggo, na haƙura." Na ce, "Jariran da suka numfasa a hannunki fa? Tashi ki ba mutanen nan amsa." Ta sake zane, ta nuna musu tata da ƙafa ake takawa. Muka koma jira har damina ta wuce.

Jiya amsa ta zo. Ta karanta mani a tsakar gida da Faransanci. Ban gane komai ba sai sunanka bayan nata, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo.

Ka taya ta da addu'a, Allah ya kawo mai ƙera na'urar da yawa. Ka gaida Alhaji Mamman da duk 'yan Damagaram da ke nan.

Ƙanwarka,
Mariyama