Iskar Arewa Ta Shigo, Saura Kai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Abu Taha, sanyin idona, ruwan tuluna a tsakar rana, inuwar giginyar da nake fakewa, dabinon da ya nuna can sama ya fi ƙarfin hannuna. Zuwa ga mijina Raslan, wanda Kuwait ta ara daga wurina ta ƙi mayarwa. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, yawan ganyen raken da ke gonakin garinmu Ƙus, yawan tattabarun da ke komawa gida da magariba. Kowace tattabara ta san hanyar gidanta, ya masoyina. Kai me ya ɓatar da taka?

Ka san halina a waya. Da na ji muryarka sai in ƙare da tambayarka ko ka ci abinci. Ranar Juma'a ka ce mini mai kamfaninku ya kawo maka takardar ƙarin shekara biyu, za ka sa hannu a ƙarshen wata. Na ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, na ajiye waya, na shiga kicin na yanka albasar da ba na bukata. Ban hana ka ba, domin a lokacin ba ni da hujja, kuma ba na son in yi tinƙaho da abin da idona bai gani ba tukuna. Yanzu idona ya gani. Alhamdu lillahi! Ka zauna, ka ajiye kayan aikinka, ka goge man injin da ke hannunka, ka karanta a hankali. Na ci, Abu Taha. Ni da 'yan matana mun ci!

Ka tuna yinin nan kafin tafiyarka, lokacin da Taha ke ajin farko, shi da yanzu gashin baki ya fara tsiro masa? Bayan la'asar ne, an ɗauke wuta, gidanmu na kankare ya zama tanda. Muka gudu saman rufi, muka zauna a tsakanin rodin da ka bari a tsaye don benen da ka ce sai ka je ka nemo kuɗinsa. Ka ɗauki kwalin zanen wata ɗalibata kana yi mini fifita, gumi na gangarowa daga goshinka, kai kuwa ni kake kallo. Wallahi har yau babu iskar da ta taɓa fuskata da ta kai wannan daɗi. Na ce maka kakanninmu sun rayu a garin nan babu injin sanyaya ɗaki, da tubalin laka da malkaf, hasumiyar nan da ke buɗe baki ta kamo iska ta sauko da ita cikin ɗaki. Ka yi dariyar nan taka mai girgiza kafaɗa, ka ce: "Ummu Taha, wato ke da 'yan matanki za ku kashe mini kasuwa da fensir? Ni da gyaran iyakwandishan nake ciyar da ku? To wallahi, ranar da kuka gina ɗakin da Hajja za ta yi barcin rana a ciki a watan Ba'una mai tsananin zafi, ba fanka ba inji, ranar zan tattara komatsaina in dawo gida." Mahaifiyarka na gefe tana tsinkar lalo, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce: "Na ji, ni ce shaida. Barcin ne dai ba zan yi ba."

Wataƙila kai ka manta kafin jirginku ya tashi. Ni kuwa na ɗauki maganar nan na adana kamar yadda ake adana irin shuka. Duk shekarar da sababbin 'yan mata suka shigo ajina na zanen gini a sakandaren fasaha, suka zauna gaban allon zane suna riƙe kamfas kamar cokali, sai in dube su in ce a raina: ko a cikinku ne? Ko ke ce za ki dawo mini da mijina? Kada ka ce na ci amanar aikina. Na koya musu don Allah, don su ci abinci da hannunsu. Amma Allah ya san zuciya, kuma ba zan ɓoye maka abin da bai ɓoyu gare Shi ba: duk layin da na ja a allo, ƙarshensa wajenka ya nufa.

Bana aka yi gasa tsakanin makarantun lardi: a zana ɗakin karatu na ƙauye wanda zai yi sanyi ba tare da lantarki ba, zanen da ya yi nasara shi za a gina. Na 'yan matana aka zaɓa. Bango mai kauri na tubalin laka, rufin ƙubba mai ƙaramar kafa a sama inda zafi zai fice, tagogi ƙanana a inuwa, sai malkaf mai baki buɗe wajen arewa, da tulunan garin Ƙena jere a gindinsa, iska ta shafi jikinsu mai raɓa kafin ta shigo. Filin da aka ba mu yana wani ƙauye kusa da Dishna. Takardar filin ta zo da hoton kogi a gefe da kibiya mai nuna inda ruwa ya nufa. Mu kuwa 'ya'yan Ƙus, wa ya taɓa tambayarmu ina arewa take? Inda kogin Nilu ya nufa, nan ce arewa, tun muna goye muka san haka. Sai muka juya bakin malkaf wajen da ruwa ke gangarawa, muka yi tawada, muka yi murna.

A cikin sanyin watan Ɗuba muka je ƙauyen da igiya da turaku. Maginin da aka ɗauka, Usta Gad, ya zuba farar ƙasa bisa layinmu, washegari za a fara haƙa. Da aka kira azahar na koma gefe na shimfiɗa darduma yadda na saba a gida: in juya wa kogi baya, in ɗan karkata dama. Na ɗaga hannu zan yi kabbara ke nan, sai idona ya faɗa kan harabar masallacin ƙauyen. Ga maza sun yi sahu, fuskokinsu wajen kogi! Na sauke hannuna. Ƙauye guda ba zai ɓata alƙibla ba. In kuwa alƙibla can take, to inda ruwa ya nufa ba arewa ba ce. Wannan gwiwar da Nilu ke yi bayan Ƙena, wadda kowane yaro ya zana a taswira, mu muna tsaye a kanta mun manta da ita. A nan kogin yamma ya dosa. Da an gina yadda muka zana, da malkaf ɗinmu ya buɗe baki yana haɗiyar ranar la'asar yana hura wa yara wuta, da kuma an yi shekaru ana nuna shi da baki ana cewa ga aikin mata.

Na juya darduma na yi sallata, sannan na roƙi Usta Gad ya dakata mana. Ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malama, ya ce: "Abla, kin san ma'aikatana ko ba su haƙa ba sai sun sha shayi?" Ɗalibata Dimyana, 'yar Girgis mai kantin magani, wadda bakinta ya fi reza, ta ce: "Usta, ai tun safe shayin muke gani, haƙar ce ba mu gani ba." Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ba mu lokaci.

Washegari na koya musu abin da babu shi a littafinsu, abin da marigayi mahaifina ya koya mini da sandarsa a ƙofar makarantar allo, lokacin da yake nuna mana yadda ake gane azahar ta yi. Muka kafa sanda a tsaye cak, muka kewaye ta da da'ira da igiya. Da hantsi, inda kan inuwa ya taɓa da'ira, muka kafa turke. Bayan rana ta karkata, inda ya sake taɓawa, muka kafa wani. Rihab, yarinyar nan shiru-shiru da kawunnanta suka so su cire ta daga makaranta bara, ita ta durƙusa ta raba tsakanin turakun biyu daidai, ta ja layi zuwa gindin sanda. Ta ɗago, ƙura a gwiwarta, ta nuna wajen duwatsu ta ce: "Abla, ga arewa can. Ashe kogi ma yana ruɗar mutum." A daidai lokacin iska ta taso daga can ta ɗaga mayafinta. Ya Abu Taha, da ka ga fuskokinsu! Raba layi biyu da suka yi ta yi a takarda suna hamma, ga shi yau ya ceci gini.

Filin siriri ne, ba ya juyuwa, dole muka sake zanen daga tushe. Malkaf ya koma bangon da ke kallon duwatsu, ƙofa ta matsa, tagogin yamma muka toshe su. Sun yi kuka, sun yi faɗa, sun cinye mini gurasar rana da cuku duk wanda na kawo. Amma sun gama.

Jiya Talata aka buɗe ɗakin, a tsakiyar Ba'una, ranar da kwalta ke manne wa takalmi. Na je da Hajja. Tun a mota take mita, wai an fito da tsohuwa za a gasa. Manyan baƙi na jawabi a waje ƙarƙashin rumfa suna sharce gumi, ni kuwa na ja hannunta muka shiga, na zaunar da ita kan tabarma kusa da tuluna. Ta ce: "Kada ki ga na zauna, Insaf, idona biyu." Na ce to, Hajja. Na fita. Ban yi mata dabara ba, ban ba ta komai ba sai ruwan goruba, Allah shaida ne, 'yan mata shaida ne. Da aka gama jawabi aka shigo da baƙi, sai ga mahaifiyarka a kishingiɗe, bakinta a ɗan buɗe, tana munshari a gaban shugaban ilimi na lardi! Hayaniya ta tashe ta. Ta jawo mayafi ta rufe ƙafafunta ta ce: "Ku rage abin nan, ƙasusuwana ba na yara ba ne." Dimyana ta ce: "Hajja, ai ba shi da maɓalli." Hajja ta dubi sama, ta dubi tuluna, ta dube ni. Sannan ta ce: "Kin cuci ɗana, 'yar malam. Rubuta masa, ki ce na yi barcin."

To ga shi na rubuta. Ba zan ƙara gishiri ba: sanyin bai kai na injinka ba, mutum ba zai yi kyarma ba. Sanyi ne irin na gindin bishiya a bakin ruwa, irin na hannunka a goshina ranar da na yi zazzaɓin haihuwar Taha. Mutane suka yi ta tafi, suka ɗauki hoton 'yan mata, aka riƙa kiran sunana. Ni kuwa ina tsaye ƙarƙashin malkaf, iska na sauka a kaina, ina neman fuska ɗaya a cikin taro. Me tafi zai yi mini? Me yabo zai yi wa mace da ke dafa tattabara biyu ta tuna mai cin ɗayar yana bayan teku? Kai ne arewata, ya hasken gidana. Shekara da shekaru bakin zuciyata a buɗe yake wajenka, yana jira, ba ya kama komai sai muryar waya!

Yanzu bari in gaya maka abin da ba ya taimakona, domin ban iya cin nasara da ɓoye ilimi ba. Rantsuwa tana da kaffara. Kana iya ciyar da miskinai goma a can, ka sa hannu a takardarka, babu malamin da zai ce ka yi laifi. Kana ma iya cewa wasa kake yi a ranar, bakinka ne ya riga zuciyarka. Ƙofar a buɗe take, ni da kaina na nuna maka ita. Amma ina roƙonka da darajar gurasar da muka ci tare, kada ka bi ta nan. Ka ciyar da goman don Allah, in kana so, sannan ka zo ka dubi ta goma sha ɗaya, wadda yunwarta ba ta abinci ba ce.

Ka ce don bene ka tafi. Benen nan ba ya bukatar shekara biyu na rayuwarka. Rihab ta zana mana shi, da tubali marar nauyi da ƙaramin malkaf, Usta Gad ya duba ginshiƙanmu ya ce za su ɗauka. Aiki kuma ba zai yanke maka ba: garin nan cike yake da gidajen kankare, injinansu na lalacewa kullum, 'yan matana ba za su rushe su a shekara ɗaya ba, ko da yake Dimyana ta ce a ba ta lokaci.

Yau da hantsi na hau saman rufinmu na kafa sanda a tsakanin rodinka da suka yi tsatsa. Na ja da'ira, na kafa turke na farko. Na biyun ban kafa ba, kuma ba zan kafa ba. Kai za ka riƙe shi, ni in riƙe igiya.

Nilu da girmansa ya karkata a Ƙena, Abu Taha. Ni ban karkata ba, ba kuwa zan karkata ba, har ranar da za a kwantar da ni a juya fuskata alƙibla. Kada ka sa hannu. Hajja ta yi barci. Ka dawo gida.

Taka jiya, taka yau, taka har a gaban Ubangiji,
Insaf, Ummu Taha,
Ƙus.