Zaure ɗaya, murhu huɗu

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Zainabu da yara. Ya aiki, ya zafin Agadas? Mu nan gida sai godiya.

Ka san an sa ni cikin komitin ƙauye mai binciken dalilin da yara ke ramewa duk damina, alhali ana rabon hatsin taimako. Da muka zauna, maza suka ce mata ne ba su iya tattali ba, a tara su a yi musu nasiha. Raina ya ɓaci, na tashi na bi gida-gida da kaina. Ashe tun farko zaure aka ƙirga, kowane zaure kaso ɗaya a hannun maigida. Matan da mazansu suka rasu ko suka tafi cirani, masu tukunyarsu daban, ba su cikin takarda. Mun yanke shawara bana murhu za a ƙirga.

Yaya, gidanmu ma murhu huɗu ne. Na Inna Rabi, matar marigayi Baba Sule, na tarar kwana biyu ba a hura shi ba. Kunya ta hana ta faɗa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida su Zainabu. Kuma ka kira Inna Rabi.

Ƙanwarka,
Hadiza