Gurbin da Baba Yake Bari

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu da 'yar jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya mana ita, ya ba ku juriyar zaman nesa. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana takawa har bakin titi ba sanda. Baban yara yana nan da aikinsa, ni ma ina nan ina fama da tsayuwar kantin magani. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halina, in na kira ka a waya faɗa zan yi maka, maganar ta watse ban faɗi abin da ke raina ba.

Wasan nan da ka aiko ya iso tuni. Ranar da muka buɗe kwalin, Baba yana ganin ƙwayoyin nan masu ɗige-ɗige irin na lido ya ɗaure fuska, wai ɗansa ya rasa abin aiko masa sai kayan caca. Da ƙyar Baban yara ya lallaba shi, ya nuna masa ba a sa komai, takarda ce da fensir kawai. Kowa a ba shi tasa takardar mai zanen ƙasa gida-gida, ga kogi, ga duwatsu, ga daji. A jefa ƙwayoyi, lambar da ta fito ta kowa ce, amma kowa shi zai zaɓi inda zai zana wa ƙabilarsa bukka ko gona ko rijiya. Abin da ka zana ya zanu, ba gogewa. A ƙarshe a duba wanda ƙasarsa ta fi cika, duk gurbin da aka bari fayau kuma a rage maka maki. To, mai cewa caca ce yanzu shi ne kullum da yamma yake share teburin yankan yadinsa na dā, ya fere fensira da reza, ya zauna jiranmu. Har Kawu sai da Baba ya jawo mana cikin wasan, kuma wallahi Kawu maguɗi yake yi, yana rufe takardarsa da hannu kamar ɗan jarrabawa.

Sai dai tun da muka fara, Baba bai taɓa ci ba. Ba rashin iyawa ba ne, don ya fi mu duka tsara gari. Bukkokinsa a jere suke kamar ya sa awo, gonakinsa duk a bakin ruwa. Amma kullum sai ya bar wani fili a tsakiyar garin, wuri mafi kyau, kusa da rijiya. Lamba mai kyau za ta fito, sai ya kai ta can gindin dutse ya zana, ya ƙi taɓa wurin. Kawu ya yi ta masa tsiya, ya ce tsufa ne ya fara taɓa masa ido. Ni kuma raina ya ɓaci, na ce masa haba Baba, da gangan fa kake zubar da makinka. Sai ya yi dariya ya ce shi tela ne, tun da ya fara riƙe almakashi bai taɓa yanka wa yaro riga cif-cif ba, dole a naɗe rara a ciki saboda gaba. Ya ce mutanen ƙabilar nan ai ba duka suke gida ba, akwai waɗanda suka tafi nema, in suka dawo suka tarar an cike ko'ina, a ina za su kafa bukka? Ni dai na tashi wai zan duba ruwan shayi.

Ka ga halin da ka sa ni ke nan. A lokacin saƙonka yana cikina ya kusa wata guda, wai in sanar da Baba ka samu takardar zama, can za ku ci gaba da rayuwa, ɗakinka na kusa da shagon Baba a ba duk mai bukata. Kai ka ga abin da sauƙi, tunda ba kai kake zama gabansa kana kallon takardarsa ba. Ban ga laifinka ba don ka zaɓi inda iyalinka za su ji daɗi, Allah ya sani. Abin da ya ƙona min rai shi ne ka ɗora min faɗa, kai ka koma gefe.

Ranar Asabar da ta wuce na daure na gaya masa, muna zaune kafin su Kawu su iso. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ya yi ko kai ne ka faɗa da bakinka, na ce eh. Ya ce to madalla, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ci gaba da fere fensirinsa. Da aka fara wasa ina kallon hannunsa. Jefawar farko, ya kai fensir tsakiyar garin ya zana gona. Haka ya bi wurin gida-gida har ya cike shi tas. Da aka ƙirga, ya wuce mu nesa ba kusa ba. Baban yara, da bai san abin da ake ciki ba, ya hau tafi yana cewa yau tsoho ya farka. Baba ko murmushi bai yi ba. Ya tura takardar gefe, ya laluba aljihu ya miƙo min makullin ɗakinka, ya ce bayansa ya gaji zai ɗan kishingiɗa. Tun ranar bai sake share teburin ba, in na ɗauko kwalin sai ya ce a bari sai gobe.

Ƙanena, ban ce ka dawo ba, ba ni da wannan ikon. Amma ka kira shi da kanka, ka gaya masa da muryarka, ka bar shi ya tambaye ka duk abin da yake so, ko da kuka za ku yi ku biyun. Na fi shekara arba'in ina ganin Baba yana shan kaye a abubuwa da yawa yana dariya, ban taɓa jin tsoro ba sai ranar da na ga ya ci.

Kawu yana gaishe ka, ya ce a gaya maka shi ba ya maguɗi. Baban yara da Gwaggo da yara duk suna gaisuwa. Ka gaishe min da amarya, ka sumbaci goshin jaririya. Makullin yana cikin jakata, ban ba kowa ba, kuma ba zan bayar ba sai na ji kun yi magana.

Taka har kullum,
Yayarka