Gatarin da Na Wanke da Gishiri

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Ƙanwata Anuta tana taimaka miki da shanun kuwa? Ni lafiya lau, tarin ma ya kusa barina.

Saura ƙiris a kore ni daga gidan tarihin nan na Italiya. An ba ni gutsuren gatarin tagulla in share masa ƙasa, na ga ya yi kore shar, sai na dirje shi da gishiri da ruwan tsami, yadda kike wa tukunyarki. Shugabarmu Ornella ta dafe kai ta ce, “Ilariye, ka kashe ni! Koren nan ba datti ba ne!” Kwana uku ban iya cin abinci ba.

Jiya ta kira ni. Ashe dirzar da na yi ta sa wasu zane uku sun fito kusa da ramin ƙota, da su ta gane shekarunsa da asalinsa. Ta ce, “Ka kuɓuta, amma kada ka ƙara. Shekararsa dubu uku, kuma ƙirar yankin duwatsunku na Romaniya ce.”

Mama, ashe ɗan gida ne, ya riga ni zuwa ci-rani. Shi bai koma ba. Ni ki ajiye mini cuku, ina nan tafe.

Ɗanki,
Ilariye