Zaren Fatsar da Ba Ya Tsinkewa

Zuwa ga Yayana Nu'uman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Anti Sakina da yara kuna lafiya a Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni kuwa hankalina a tashe yake.

Maganar zaren fatsar da ka aiko wa Baba ce, koren nan mai kitso da ka ce ko giwan ruwa ba ya tsinka shi. Gaskiyarka, kuma matsalar ke nan. Ka manta inda Baba yake kamu, wajen bishiyar ƙiryar da ambaliya ta kayar cikin kogi ta ɓangaren Dagumawa, inda tarwaɗa ke ɓuya cikin rassa. Ka kuma san ba ya riƙe sanda, a wuyan hannu yake naɗa zare yana kwance kan gora a cikin ruwa, yadda ya gada. Da gangan yake zaɓar siriri, don in ƙugiya ta maƙale a itace ya fizga, zaren ya tsinke, ya ɗaura wata.

Ranar Talata da hantsi wata ƙatuwar tarwaɗa ta haɗiye ƙugiyar, ta shige ƙarƙashin rassa ta nannaɗe zaren. Baba ya fizga, bai tsinke ba. Goran ya suɓuce, ruwa yana jansa, zare yana riƙe da shi a ƙasa. Allah ya sa Malam Gidaɗo yana kusa da jirginsa, ya faɗa ruwa ya yanke zaren da wuƙa. Ɗinki shida aka yi wa Baba a hannu.

Na roƙe shi ya koma wa tsohon zarensa. Ya ce duk masuntan bakin kogi sun zo sun ga abin da ɗansa ya aiko, ba zai ajiye shi a ce Nu'uman ya manta su ba. Na ɓoye ragowar zaren, ya yini bai yi mini magana ba, sai da na fito da shi. Ya ce Asabar zai koma ruwa.

Inna da Gwaggo Uwa da Mas'uda suna gaishe ku. Don Allah, Yaya, ka kira shi kafin Asabar, ka ce kuskure ka yi, ya ba ni zaren in ajiye. Kai ka ba shi, bakinka kaɗai zai karɓe shi.

Ƙanwarka,
Suwaiba, Wudil