Koren Mayafin Umma

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar, ya sake ki? Ni ƙalau nake, sai dai labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne.

Kin san tun ina firamare ba ni da zance sai na tuƙa jirgin soja. To, a wajen ɗaukar sojan sama na wuce gwajin gudu, na wuce na zuciya da na kunne. Allon haruffa kuwa har layin ƙasa na karanta, ina ta hura hanci. Sai likita ta buɗe mini wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala, wai in faɗi lambar da ke ciki. Yaya, ban ga komai ba sai tsakuwa. Ta ce idona ba ya raba ja da kore, haka aka haife ni, kuma tabarau ba ya gyara shi.

Nan take na tuna faɗan da na sha a wurinki kan ɗanyen tumatir. Kullum aka aike ni kasuwa sai ki ce hankalina yana sama wajen jirage. Ashe ido ne, kuma ina jiran ban-haƙuri.

Za a sake gwada ni mako mai zuwa. Abokin ɗakina ya ce littafin iri ɗaya ne, zai zauna da ni in haddace lambobin shafi-shafi. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta karkata, don ban san me zan zama ba in ba matuƙi ba. Ni dai gani nake ina gani sarai.

Tambaya ɗaya: mayafin da na saya wa marigayiya Umma da na gama sakandare, saboda son da take yi wa kore, wane launi ne?

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, ban-haƙurin ma na karɓa, ko da yake a taƙaice kika yi shi.

Ashe ja ne. Ja, launin da Umma ba ta taɓa sawa ba, amma ta yafa shi har ya koɗe, ta kuma hana ku faɗa mini. Na yi kuka, Yaya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne, ranar da na saye shi ban yi shakka ko kaɗan ba. Da an ce in rantse, da na rantse.

Jiya da magariba na tsaya bakin shingen filin jirgi. Kowane jirgi yana da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da su matuƙi ke gane ko wani jirgin tahowa yake ko tafiya. Na zuba ido har ya yi ruwa, duk iri ɗaya nake gani. Umma ta rufa mini asiri don tana sona, amma fitilar can ba ta san ni ba, kuma ba ni kaɗai zan kasance a cikin jirgin ba.

Na ce wa abokina ya bar haddar. Na koma wurin likita, na faɗi abin da na gani, na sake faɗuwa. Sun ba ni gurbi a sashen kaya, masu tanadar wa jirage kayan gyara kafin su tashi. Na karɓa. Ba zan ce miki raina ya yi fari ba, har yanzu in jirgi ya tashi sai na ɗaga kai.

Don Allah kar ki bayar da mayafin, ki ajiye mini. A wurina har gobe kore ne.

Naki har kullum,
Auta