Dariyar Auta a Cikin Talabijin

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Auta, Ya sa ta huta. Na gaji da ɗaga murya a waya kana cewa in maimaita, shi ya sa na koma ga takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Yau wata huɗu ke nan ina gidan Auta ina riƙon 'ya'yanta. Ƙaramin bai san komai ba, ya ci ya yi ɓarna ya yi barci. Mai-Giɓi ce damuwata. Yarinya 'yar shekara bakwai, tun rasuwar uwarta ban ji dariyarta ba. Shekaranjiya ina taje mata kai ta ce, “Kaka, yaya Mama take dariya? Na manta.” Na buɗe baki in kwatanta, abin ya ƙi fitowa.

Aikin gidan nan kuwa, Malam, ban san haka yake ba. Kwanon abincin makaranta ɗaki uku ne a ciki, kowane ɗaki da abin da malama ta yarda a sa. Rigar Litinin daban, ta Laraba daban. Akwai wani zauren iyaye a waya, saƙo ɗari kafin azahar. Makon jiya aka rubuto a yi wa yara shigar kayan marmari. Na kwana biyu ina yanka kwali, na mai da jikarka abarba. Ashe na wani makon ne. Ita kaɗai ta wuni abarba a cikin aji.

Ka tuna wasan ban dariyar nan na ranar Asabar da yamma, Mama Ta Makara? Na matar nan ma'aikaciya da kullum take gudu tsakanin ofis da makaranta da kicin, takalminta ɗaya a hannu. Auta ba ta yarda ya wuce ta. Ni kuwa in na zo sai in taɓe baki in ce, “Ku da injin wanki da mota, gajiyar me? Ni bakwai na raina da hannu biyu.” Takan ce, “Inna, ba za ki gane ba.”

Sirikinka Injiniya ya hana a kunna wasan a gidan nan. Na ɗauka don bai dace da gidan makoki ba ne. Asabar ɗin da ta wuce ya kai yara aski da kitso, ina guga a falo, sai na kunna. Ka san bayan kowace magana akan ji mutane sun kwashe da dariya, ba a ganinsu. A cikinsu na ji wata ta yi sama ta bar sauran, ta ƙare da shaƙuwa. Irin taka, Malam, wadda Auta ta gada. Sai da na ji ƙaurin rigar makaranta na tuna dutsen guga yana hannuna.

Da ya dawo na tambaye shi. Ya daɗe yana juya makullin mota, sannan ya ce bara masu wasan sun gayyaci iyaye mata masu aiki, har da Auta, suka nuna musu wasan a wani ɗaki, suka naɗi dariyarsu. Ita suke ta sakawa har yau. Ya ce shi ba zai iya ji ba, kuma kada yara su ji. Ban yi musu ba, gidansa ne. Amma maganar yarinyar nan tana cina.

Ka riƙa shan maganinka bayan ka ci abinci, ba kafin ba. Ka gaishe da maƙwabta.

Taka,
Innar Auta

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, na gode. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na ga ka ce tun da ka karanta tawa ba ka iya dariya sai ka tsaya ka saurari kanka. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ka ce in duba wayarta, ai ba za a rasa dariyarta a ciki ba. Na duba, matar likita ta gidan da ke jikin namu ta taya ni. Hotunan bidiyo sun fi ɗari biyu, duk ita ce ke riƙe da wayar. Ana jin ta tana cewa, “Duba nan, gyara wuyan rigarka, yi murmushi.” Saƙonnin murya kuwa, “Ina hanya.” “A cire nama daga firij.” “Ku ba malama haƙuri, na makara.” Babu dariya ko ɗaya. A jikin firij ɗin har yanzu akwai katin ganin likita saboda ciwon kan nan nata. Sau uku ta soke ranar ta rubuta wata. Ranar ƙarshen da ta rubuta ta kama kwana shida bayan ta yanke jiki ta faɗi a ofis.

Matar likita ce ta gaya mini wasan zai ƙare ƙarshen wata, za a kawo sabo da sababbin mutane. Na ce to, dariyar fa? Ta ce wa ya sani, ƙila a goge. Washegari na kai yara makaranta, na hau motar haya zuwa inda suke shirya wasan. Ban gaya wa Injiniya ba.

Mai gadi ya ce in neman fitowa a wasa nake yi, an riga an ɗauki kaka. Na ce ɗana, ni kakar gaske ce, dariyar 'yata na zo karɓa. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya raka ni wani ɗan ɗaki marar taga, bangonsa duk soso, da sanyi kamar cikin randa. A nan mai haɗa sauti yake aiki, wani dattijo mai furfura a gemu, da abin saurare rataye a wuya.

Ban gama kwatance ba ya ce, “Hajiya, Mai Shaƙuwa kike nufi.” Ashe haka suke yi. Sukan yanka dariyar kowa su ajiye daban da laƙabinta, akwai Mai Tafi, akwai Mai Tari, akwai Tukunyar Ruwa. In wasa ya yi sanyi sai ya ɗauko ɗaya ya ɗora. Ya ce Mai Shaƙuwa ta ceci wasan nan ya fi sau hamsin, kuma bai taɓa sanin sunanta ba. Da na ce ta rasu, ya cire abin sauraren ya ajiye a tebur, ya yi mata addu'a.

Sai ya ce akwai abin da ya kamata in sani. A ranar naɗin, wurin da ta fi dariya ba wurin da sauran suka yi ba ne. Wani wuri ne da matar wasan ta dawo daga aiki, ta kashe mota a ƙofar gida, ta zauna ba ta fita ba, tana cin biskit ɗin yara a ɓoye. Ɗakin ya yi tsit, ita kaɗai ta fashe da dariya. Ya ce dariyar ta yi tsawo, daga baya ta juye ta zama kuka, shi ne ya yanke ƙarshen ya yi amfani da farkon. Amma bai goge ba. Ya tambaye ni wanne nake so, yankakken ko cikakken.

Malam, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Zuwana na ƙarshe tana raye, na hango ta ta taga zaune a mota a ƙofar gida, ta jingina kai da sitiyari. Na fita na ƙwanƙwasa gilashin da zobena, na ce, “Wane irin sakarci ne wannan, yara suna jiranki?” Ta ɗago ta ce, “Yanzu, Inna,” ta kwashi ledoji ta shigo. Minti biyar kawai yarinyar nan take nema a duk wuninta, ni na ƙwace.

Na ce ya ba ni duka biyun. Ya sa mini a waya, ya nuna mini inda zan danna. Har yau ban iya danna cikakken ba. Kuma ban san yadda zan tunkari Injiniya ba.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Innar Auta

*

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, yaya jiki, yaya zaman kaɗaici? Na ji ka ce ka koyi dafa shayi ba tare da ka ƙona tukunya ba. Sai na gani da idona.

Na bi shawararka, ban yi komai a bayan idonsa ba. Ranar Lahadi da hantsi yana wanke mota, na kai masa wayar. Na ce ga matarka nan iri biyu, ɗaya ta yara, ɗaya tamu. In ka ce kada su ji, ba za su ji ba. Ya goge hannu, ya shiga motar ya rufe ƙofa. Na koma kicin. Ya yi kusan rabin awa. Da ya shigo idonsa ja, ya ce, “Inna, ni ma ina ganinta a motar nan. Na ɗauka waya take yi.” Na ce mu biyu ke nan. Daga baya ni ma na saurara, a ɗaki, na rufe ƙofa. Kukan ba shi da tsawo. A ƙarshensa ana jin ta tana ba matar da ke kusa da ita haƙuri, wai kada ta damu, daɗin wasan ne.

Shi da kansa ya kira Mai-Giɓi ya zaunar da ita a cinya, ya danna yankakken. Ta kasa kunne har ya ƙare. Ta ce a sake. Sau biyar ana sakewa. A na shida, da aka zo wurin shaƙuwar, ƙaramin da ke ƙasa yana wasa ya ɗaga kai ya kwaikwaya, hik! Sai yarinyar nan ta tuntsire da dariya. Malam, tata ma da shaƙuwa take ƙarewa. Ban taɓa lura ba, ko kuwa da can ba ta yi ne, Allah Ya sani.

Ranar Asabar muka kalli wasan ƙarshe mu huɗu. Matar ta kai ɗanta makaranta da shigar kaza a ranar da ba ita ba. Mai-Giɓi ta nuna ni da yatsa ta ce, “Kaka, ke ce!” Na ce ni ce, uwarki ce, duk mu ne. Sau uku muka ji Auta. Kowane lokaci Injiniya sai ya ɗaga hannu a yi shiru.

Na cire katin likitan daga firij, na sa a cikin jakata. Na kuma sa matar likita ta karɓar wa Injiniya rana a asibiti, na ce wannan ba a sokewa.

Zan zo in duba ka idan an yi hutun makaranta, amma zan dawo, ka yi haƙuri. Yanzu haka da nake rubutun nan ya dawo daga aiki, ya kashe mota a ƙofar gida bai fito ba. Yaran sun ji ƙarar, sun yi bakin ƙofa da gudu. Na kira su na ce su zo su taya ni neman murfin birona. Yana cikin aljihuna. Sai nan da minti biyar za a gan shi.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Innar Auta